ƘOFAR MAZUGAL: TARIHIN MUTANENTA DA HURUMIN DA YA RAYA SU

Duk wanda ya san birnin Kano ya san cewa kowace ƙofa daga cikin ƙofofinsa da abin da ake tunawa da ita. Ƙofar Nassarawa ta hawan sarki ce, Ƙofar Mata ta Idi ce da marina, Ƙofar Kabuga kuwa ta wajenta ne Turawa suka fasa garin ran 3 ga watan Fabrairu, 1903. Amma Ƙofar Mazugal, wadda ke arewacin birni tsakanin Ƙofar Wambai da Ƙofar Ruwa, ƙofar ma'aikata ce. Maƙera sun zauna a gindinta, fatake sun sauke kaya a bakinta, 'yan dako sun tara gyaɗa a gabanta, kuma har gobe mahauta da masu haƙar kabari suna nan a wajenta. Waɗannan sana'o'i ba su yi kama da juna ba, sai dai abu guda ya haɗa su, wato dukkansu fili suke bukata, fili mai faɗi wanda ba a yanka wa kowa ba. Wannan fili shi ne abin da nake so mu duba yau, musamman 'yan'uwanmu 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, domin a yanzu da kuɗin waɗancan da alƙalamin waɗannan ake yanke hukuncinsa.

Mu fara da asali. Littafin nan na tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, Bature Palmer kuma ya fassara shi da Turanci a 1908, ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095-1134), jikan Bagauda, shi ne ya fara ginin badala, har ya yanka shanu 100 ranar da aka sa hannu. An faro aikin daga Rariya, aka biyo ta wannan ƙofa, aka zarce Ƙofar Ruwa da Ƙofar Adama, har Waika da Kansakali, ɗansa Tsaraki ya zo ya ƙarasa. Ƙofofin farko guda 8 ne, Mazugal kuwa tana cikinsu. Ke nan ta girmi Gidan Rumfa da Kasuwar Kurmi da shekara fiye da 300, tun da yake su a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499) aka kafa su.

A cikin wancan littafi sunan ƙofar ya zo ne da siffar Mazugi. Mazugi a Hausa shi ne mai zuga wuta da zugazugi, kuma abin da Kanawa suka gada a baki shi ne, daga masu zugar nan ƙofar ta sami suna. Wannan magana tana da madogara. Ƙofar ba ta da nisa da Dutsen Dala, masu binciken kufai kuwa sun sami alamun narkar da tama a wajen dutsen tun kimanin ƙarni na 7 na Miladiyya. Abagayawa, wato tsohon gidan maƙeran Kano, su ma suna cewa neman tama ne ya taso da kakansu daga Gaya. Kada mai karatu ya raina wannan. A zamanin da ba a shigo da ƙarfe daga ƙetare, fartanya da gatari da takobi da linzami duk daga hannun mazugi suke fitowa, garin da yake da tama kuwa shi ke noma ya ƙoshi, shi ke yaƙi ya tsira. Aikin narkar da tama kuma ba a yinsa a tsakar gida. Yana son itace da gawayi da iska da sarari, saboda haka tun farko mutanen wannan sashe mutanen gefen gari ne.

Ta cikin ƙofar akwai tsofaffin unguwannin arewacin birni: Dala, Madabo, Koki, Bakin Ruwa da Dandalin Turawa, wanda sunansa ya samo asali daga Larabawan Gadamus da Tarabulus, domin su ake kira Turawa kafin zuwan Nasara. Madabo ita ce mazaunin Wangarawa, jama'ar Shehu Abdurrahman Zaite da suka taso daga Mali. Tarihin sarakuna ya sa zuwansu a zamanin Sarki Yaji (1349-1385), alhali littafin Asalin Wangarawa ya ce sun bar Mali a shekara ta 835 ta Hijira, suka iso a zamanin Rumfa. Ko wanne aka ɗauka, an dai haɗu a kan cewa malanta da fatauci tare suka shigo wannan sashe, kuma har yau da wuya ka raba su a gidajensa.

AYARI DA ZANGO

Hanyar Katsina da ta Daura da Damagaram har zuwa Agadas duk ta arewa suke ɓullo wa Kano, saboda haka ƙofofin arewa su ne ke fuskantar ayarin Abzinawa masu kawo gishirin Balma, da na Larabawa masu ƙetaro hamada. Baturen Jamus ɗin nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya shigo Kano a farkon watan Fabrairu na 1851, ya sauka a unguwar Dala, ya kuma lissafa Mazugal cikin ƙofofin birni. Ya ƙiyasta mazauna garin 30,000, amma ya ce daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da ayari ke shigowa, sukan kai 60,000. Ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara ba su gaza na wuri miliyan 300 ba.

To, mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Gari ya ninka yawansa cikin wata huɗu, baƙin kuma ba su kaɗai suka zo ba, da raƙumansu da jakunansu da takarkarinsu. Ina za a sa su? Ƙofa ana rufe ta da dare, akwai sarkin ƙofa mai tsaronta. Madugu da manyan fatake suna iya samun masauki a cikin gari wurin fatoma, wanda zai ajiye musu kaya ya haɗa su da dillali a ci la'ada. Amma dabba tana son makiyaya da mashaya da wurin durƙusawa, waɗannan kuwa sai a bayan ganuwa. Daga irin wannan zango ne Fagge ta tashi, wadda ake danganta kafuwarta da zamanin Rumfa, a matsayin masaukin Buzaye. Ba a taɓa jin wani attajiri ya kewaye filin zango ya ce nasa ne ba, domin ranar da ya yi haka, ran nan ayari zai karkata zuwa Katsina, shi ma ya rasa abokin ciniki.

Larabawa suna da kalma ta musamman ga unguwar da ta tsiro a bayan ganuwa, suna ce mata rabali, jam'inta arbali. Tarihin Andalus ya adana mana labarin rabalin Ƙurɗuba, unguwar malamai da masu sana'a da ke ƙetaren kogi. A shekarar 818 mutanenta suka yi wa Sarki Hakam na Farko bore, ya rushe unguwar baki ɗaya, mutanenta suka watse, wasu suka tafi Iskandariyya, wasu suka kafa ɓangaren Andalusawa a birnin Fas. Riba ta koma Fas. Na kawo wannan ne don a ga cewa tun da can mutanen bayan ganuwa su ne ƙarfin birni, ko da yake ba su ne ake gani a fada ba.

DALAR GYAƊA

Da Turawa suka ci ƙasa, cinikin hamada ya yi ta ja da baya, sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe hanyar sosai a 1912. Niyyar Turawa a lokacin auduga ce, don masaƙun Ingila. Amma manomin Kano ya auna ya ga gyaɗa ta fi masa: ana shuka ta tare da hatsi, in ciniki ya ƙi a ci ta a gida, harawarta kuma abincin dabba ce. Fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka daɗe da sanin hanyar ƙauyuka da sha'anin bashi da amana, su ne suka zama 'yan tsakani, suna karɓar kuɗi wurin kamfanonin Turawa suna rarraba wa yaransu su sayo. Cikin kaka ɗaya tashar jirgi ta cika ta batse.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Alhasan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, wanda ya fara da fataucin goro a Gwanja, ya zo ya zauna a wannan sashe na birni. A 1918 ya fara saya wa kamfanin Neja gyaɗa. A 1929, da aka buɗe bankin Turawa a Kano, kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 ya kai ajiya. Ya rasu a 1955. Shi ake danganta wa fara jera buhuna a siffar dala, kuma filin Ƙofar Mazugal yana daga cikin manyan wuraren da aka yi wannan jeri.

Mutane da yawa yau suna ganin hoton dalar gyaɗa suna zaton ado ce. A'a, larura ce. Gyaɗa takan shigo gaba ɗaya da kaka, jirgi kuwa layi ɗaya ne, tafiyar mil 700 zuwa Ikko, ba ya iya kwashe ta sai a hankali, wani lokaci har wata kakar ta riski ta bara. Babu siton da zai ɗauki wannan kaya. Sai aka dogara da rani, da yake Kano takan yi watanni ba ruwa, aka riƙa share fili a shimfiɗa buhuna a faffaɗan gindi, kowane sahu ya ɗan shige ciki, har a kai tsini. In damina ta matso a lulluɓe da tamfol, ruwa ya zurare ta gefe. Dala guda takan ci buhu har 15,000, kuma kowane buhu a wuyan ɗan Adam ya hau, ɗan dako yana taka buhunan ƙasa kamar matakala. A gindin dalar kuwa ga mai sikeli, ga akawu da littafinsa, ga maɗinkin buhu, ga mai gadi, ga mata masu tuwo da fura, ga yara masu tsintar abin da ya zube su kai wa iyayensu a yi ƙuliƙuli. 'Yan cirani daga ƙauyukan Kano da Katsina da Damagaram a nan suke samun kuɗin haraji da na aure. A shekarun 1960 babu ƙasar da ta kai Nijeriya fitar da gyaɗa a duniya, kuma da kuɗinta, ta hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa da aka kafa a 1954, aka yi ayyuka da dama da muke mora har yau.

Faɗuwarta ba ta ɗauki lokaci ba. Farin 1972 zuwa 1974 ya karya manoma, a 1975 kuma wata cuta da ƙwarin darɓa ke yaɗawa ta tsumburar da gyaɗa a gonakin Arewa. Kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin hukuma, ɗan abin da aka noma kuma masana'antun mai na gida suka shanye shi. A 1986 aka soke hukumomin cinikin amfanin gona. Yaron da aka haifa a Ƙofar Mazugal bayan wannan, dala ɗaya ya sani, ita ce ta dutse.

Abin lura a nan shi ne, filin da ya karɓi raƙumi shi ne ya karɓi buhu. Mutanen zamanin Rumfa ba su san jirgin ƙasa ba balle gyaɗar sayarwa, amma da yake sun bar sarari, jikokinsu sun sami inda za su yi sana'ar da ba a taɓa mafarkinta ba.

Sana'ar da ta rage da ƙarfinta a wajen ƙofar ita ce fawa. Babbar mayankar Kano, wadda jama'a ke kira Abbatuwa, a nan take, kuma tun da asuba ake yanka shanu da awaki da tumaki, har da raƙuma, waɗanda a da su ke kawo kaya, yanzu su ne kayan. Daga nan nama ke bazuwa kasuwannin birni, fata kuma ta nufi majema. Sai dai akwai abin da ya kamata a faɗa. Ruwan wanke-wanken mayanka da na unguwanni yana gangarawa ne cikin Jakara, Jakara kuma ta bi ta gefen Sabon Gari ta nufi madatsar Wasai a ƙasar Minjibir, a kan hanya masu lambu suna ban ruwa da ita, latas ɗin da kabejin su dawo kasuwa mu saya. Wanda ke zaune a Nassarawa yana ganin wannan ba ruwansa, to ya tambayi mai ɗakinsa inda aka sayo ganyen da ke cikin kwanonsa.

Kusa da mayankar kuma akwai maƙabarta, ɗaya daga cikin manyan maƙabartun Kano, inda mutanen Fagge da na arewacin birni suke kai mamatansu. A watan Afrilu na 2020 sunanta ya shiga jaridu, sa'ad da masu haƙar kabari suka fara ba da labarin cewa gawawwakin da ake kawowa sun wuce kima. Su ne suka fara faɗa, tun kafin wani ofis ya faɗa. Daga baya, a watan Yuni, ministan lafiya na tarayya ya bayyana cewa an ƙidaya mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi 8 na cikin Kano, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 suna da alaƙa da annobar korona. A makonnin nan Kano ta rasa malamai da dattawa masu yawa. Allah Ya jiƙansu. Da a ce magabata ba su bar wannan fili ba, ina za a kai su?

GARI YA HAƊIYE GANUWA

A zamanin Barth, ko cikin badala ma ba a cike yake ba. An bar gonaki da gangan, don in abokan gaba sun yi wa gari zobe a sami abin ci. Irin waɗannan gonaki ne suka zama Gwammaja, inda Malam Aminu Kano ya zauna a gidan Mambayya har rasuwarsa ran 17 ga watan Afrilu, 1983. A wannan yanki ne kuma aka buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a 1959. Daga nan gini ya tsallake ganuwa ya bi hanyar Katsina, Kurna da Rijiyar Lemo suka cika. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Dala kaɗai ta haura mutum 418,000, wato ninkin dukkan Kanon da Barth ya gani fiye da sau 13. Ƙofar da take bakin gari ta koma tsakiyarsa.

A Amurka, bayan yaƙin duniya na biyu, masu hali ne suka fice daga birane. Unguwar Levittown da ke kusa da New York, wadda aka fara a 1947, gidaje fiye da 17,000 aka gina a gonakin dankali, kowa da motarsa, tsakiyar birni kuwa aka bar wa talaka. Mu ma mun soma bin wannan sawu. Ɗan unguwa in ya sami hali sai ya koma bayan gari, ba ya zuwa sai ɗaurin aure ko jana'iza. Ba laifi ba ne mutum ya nemi yalwa. Illar ita ce, waɗanda ke da bakin da za a ji in an taɓa filin unguwa su ne suka tashi.

Wannan fili yana da suna a Hausa, shi ne hurumi, daga kalmar Larabci harim. Malaman fiƙihun Malikiyya sun yi bayaninsa a babin raya matacciyar ƙasa. Wanda ya raya ƙasar da ba ta kowa ba yana iya mallakarta, amma an togace hurumin gari, wato inda mutanensa ke yin itace da kiwo, haka nan hurumin rijiya da magudanar ruwa. Waɗannan haƙƙin jama'a ne, kowa ya amfana, ba mai keɓewa. Maƙabarta kuwa hukuncinta ya fi tsanani, domin kabari hubusi ne a kan mai shi, ba a sayar da shi, ba a gini a kansa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Kano har ya wallafa wa mutanenta Liya'ul Hukkami, yana da littafi sukutum a kan hanyoyin mallakar ƙasa, mai suna Ta'alimur Rali. Ko dokar ƙasa ta 1978 ma ba ta ce gwamna ya mallaki ƙasa ba, cewa ta yi yana riƙe da ita amana don amfanin jama'a. Shari'a da doka a nan bakinsu ɗaya.

Amma dubi abin da ke faruwa. Badalar da Lugga ya gani a 1903 ya ce tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50, a wurare da yawa an ɗebe ƙasarta an yi bulo, an yi gini a kan gurbinta, ko da yake tun 2007 tana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. Kududdufan da aka haƙa don ginin gari, waɗanda su ke shanye ruwan sama, ana cike su da shara a yanka fuloti, in damina ta yi ƙarfi ruwan ya rasa gidansa ya shiga na mutane.

Wanda yake ganin wannan wa'azi ne kawai, to ya tuna da Filin Idi na Ƙofar Mata, ƙofa biyu kacal daga Mazugal. An yanka gefensa an ba 'yan kasuwa, suka biya kuɗi, suka karɓi takardu, suka gina kantuna. A watan Yuni na 2023 sabuwar gwamnati ta rushe su. A watan Satumba Babbar Kotun Tarayya ta yanke a biya masu kantunan diyyar Naira biliyan 30, a watan Disamba kuma aka yi sulhu a kan biliyan 3. Ba nufina in ce wane ne da gaskiya tsakanin gwamnatocin biyu ba. Abin da ido ya gani shi ne, ɗan kasuwa ya yi asarar gini da kaya, diyyar kuma daga baitulmalin jama'a za ta fito, wato daga aljihun mutanen da tun farko filin nasu ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa a nan wuri biyu take: ma'aikacin da ya zana fuloti a kan taswira alhali ya san hurumi ne, da attajirin da ya saya bai tambayi abin da wurin yake a da ba, ko ya tambaya ya yi kamar bai ji ba. Takarda mai hatimi tana kare mutum muddin wanda ya buga hatimin yana kan kujera.

Abin da ya kamata a yi a Ƙofar Mazugal ba mai wuya ba ne. A auna maƙabarta da filin mayanka da abin da ya saura na badala da hanyoyin ruwa, a kafa turaku, a buga iyakokin a jaridar gwamnati, a ba mai unguwa da limami kofi, yadda duk mai son saye zai iya zuwa ya duba kafin ya ƙirga kuɗinsa. Attajiran da suka tashi daga unguwar kuma su haɗa hannu su sayi filayen maƙabarta a bayan gari su yi hubusi da su tun ƙasa tana da sauƙi, domin mutum 418,000 da 'ya'yansu ba za su shiga inda aka tanadar wa 30,000 ba. Masu safiyo kuwa kada su dogara da taswirar ofis kaɗai. A Dala da Koki da Fagge har yanzu akwai dattawan da suka ɗauki buhu a filin dala, sun san inda kowane kududdufi yake da inda tsohuwar iyakar maƙabarta ta tsaya, za su iya takawa da ƙafa su nuna. Ƙaramin cikinsu yau ya ba saba'in baya.